Daga Komi zuwa Silba: Tarihin Shayar da Dabba a Ƙasar Bagwai

Wanda ya ratsa ƙasar Bagwai da damina, daga Kiyawa zuwa Gadanya ko Rimin Dako, da wuya ya ga fili a kwance babu shuka. Gona na manne da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake sun cinye ko'ina, sai ɗan burtali da aka bar wa shanu. Wannan cunkoson noma, wanda masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa a karkarar Kano tun shekarun 1960, shi ya tsara rayuwar dabbar gida a yankin. Da zarar an yi shuka, akuya da tunkiya sun koma turke sai bayan girbi. A turken ake tara takin da zai koma gona, kuma dabbar da ke ɗaure ba ta zuwa mashaya da ƙafarta. Dole a kawo mata ruwa, dole kuma a sami abin zubawa.

Babban mazubi a da shi ne komi. Masassaƙan da ke yin turmi da taɓarya da akushi su ne ke ɗaukar gungumen itace mai tauri, su rarake cikinsa da gizago har ya zama doguwar kwarya da shanu uku ko huɗu za su sa baki lokaci guda. Mazauninsa bakin rijiya. Da rani, idan tafkuna da kududdufai sun ƙafe, makiyayi ko yaron gida ya kama igiya ke nan, yana jawo guga yana juyewa, shanu na turereniya. Aikin ba na rago ba ne, domin saniya ɗaya kan sha lita 30 ko fiye a ranar bazara. Gugan da can na fata ne ko na ƙwarya. Da motoci suka yawaita sai aka koma ɗinka shi da robar cikin taya.

A cikin gida kuwa shayarwa aikin mata ne da yara, kuma babu abin da ake zubarwa. Ƙasarin da aka wanke surfe da shi na awaki ne, a barbaɗa masa dusa, wani lokaci a jefa ɗan gutsuren kanwa don dabba ta ji daɗin sha ta kuma ci abinci sosai. Randar da ta fashe gindinta ya zama kaskon tumaki. Tsingaro mai ɗan zurfi na kaji ne, a sa masa tsakuwa don kada 'yan tsaki su faɗa su mutu. Kowane mazubi yakan fara aiki a hannun mutane, idan ya tsufa ya gangara wurin dabbobi.

Kyanwa da kare su ne suka fita daban, kuma abin da ya raba su fiƙihu ne. Almajirin da ya yi nisa a karatun zaure ya san labarin sahabi Abu Ƙatada, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa: an zuba masa ruwan alwala, kyanwa ta zo, sai ya karkata mata mazubin har ta sha, ya kuma bayyana cewa Annabi (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a cikin gida. Shi ya sa a gidan manomi ba a cika ware wa kyanwa kwano ba. Tana lasar ruwan da ya taru a gindin randa, tana shan ragowar nono a ƙwarya, ba mai tsawata mata, balle ita ce mai gadin rumbu daga ɓeraye.

Kare kuwa hukuncinsa ya fi tsauri. Hadisi ya zo da umarnin wanke mazubi sau bakwai idan ya sa baki a ciki. Malaman Malikiyya, mazhabar da ake bi a ƙasar Hausa, ba su ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba. Sun ce wankin bauta ce da ake so a yi, a zubar da ruwan a wanke mazubin, amma hukuncin bai hau kan babban tafki ko kwatamin ruwa ba. Ga matar da ta yi sammako ta ɗebo tulu daga nesa, zubar da ruwa da wanki bakwai asara ce babba. Mafita ita ce a ware wa kare kaskonsa can a bakin danga ko bayan zaure, a kuma rufe randa da faifai. Hana shi ruwa gaba ɗaya bai taɓa zama abin yabo ba, domin masu wa'azi sun sha ba da labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Mafarauta da Fulanin rugage, waɗanda kare ke yi wa aiki, sun fi kowa kula da wannan.

Canji na farko ya zo ne ta hanyar rijiya. Tun zamanin Turawa aka fara gina rijiyoyin siminti a ƙauyukan Arewa, wasu da kwatamin shayar da dabbobi a gefe, wanda ba ya ruɓewa ba ya tsagewa kamar komi. Sai kuma farin 1972 zuwa 1974, wanda ya ƙafar da rijiyoyi ya kashe dabbobi daga Kano har Damagaram da Maraɗi. Gwamnatin Audu Baƙo, da ta mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ta riga ta duƙufa kan gina madatsun ruwa irin su Bagauda da Tiga, kuma waɗanda suka gaje ta suka ɗora. Rabon Bagwai shi ne Dam ɗin Watari, wanda aka gina tsakanin 1977 da 1980 a kan kogin Watari. A shekarun 1980 hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar, KNARDA, ta bi ƙauyuka da rijiyoyin burtsatse masu tuƙa-tuƙa.

Dam ɗin ya sauya komai. Shanun da a da ake ja wa guga suka sami mashaya da ba ta ƙafewa, noman rani ya kankama, masunta suka samu abin yi, har birnin Kano ma daga baya aka ja masa ruwan sha daga Watari. Amma ruwa mai kwanciya yana da nasa sharrin. Dodon koɗin da ke zama a gefensa shi ke ɗauke da tsutsar ciwon hanta ta shanu da tumaki, kuma wani irinsa ke yaɗa tsargiya ga yaran da ke wanka. Mashayar da garke da yawa ke haɗuwa hanya ce ta cuta, kamar yadda makiyaya suka gani a annobar bushiya ta 1983. Kurkunu ma daga ruwan tafki ake ɗaukarsa. Najeriya ta rabu da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013, amma a Cadi an ci gaba da samun sa a jikin karnuka. Wannan ya sa likitocin dabbobi ke nanata cewa ruwan rijiya ko na famfo a mazubi mai tsabta ya fi na gefen tafki.

Canji na biyu daga kasuwa ya zo. Kwanukan tasa masu fenti da fure, langa da fanteka, sun mamaye ɗakunan amare a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, har aka riƙa ƙera su a masana'antun Kano. Da fentin ya ɓamɓare tsatsa ta kama, sai kwanon ya bi sawun randa zuwa turke. Bayansu roba ta shigo daga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, mai arha da rashin nauyi. Yau a Bagwai abin da aka fi gani shi ne jarkar man gyaɗa da aka yanke, ko rabin durom, ko tsohuwar taya da aka juye. Komi ya yi ƙaranci, domin manyan itatuwan da ake sassaƙa shi da su sun yi ƙaranci.

Roba tana da aibi. Rana tana busar da ita ta tsage, haƙori da farce suna karce ta, kuma a cikin karcen ne ƙwayoyin cuta da gansakuka ke maƙalewa inda soso ba ya kaiwa. A nan ƙarfen da ba ya tsatsa ya yi fice. Harry Brearley ne ya haɗa shi a birnin Shafil na Ingila a 1913. Sirrinsa sinadarin kiromiyam, wanda ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na haɗin, yana yi wa ƙarfen wata siririyar fata da ke hana tsatsa. Samfurin da aka fi yin kayan abinci da shi, mai lamba 304, yana da kashi 18 na kiromiyam da 8 na nikel. A kasuwa da shi da alminiyam duk akan kira su silba, amma ba ɗaya ba ne: alminiyam ya fi sauƙin lotsewa, kuma ruwan kanwa yana cin sa.

Tanadar wa dabba wurin sha na musamman ba sabon abu ba ne a duniya. A Landan an kafa wata ƙungiya a 1859 don gina famfunan sha kyauta a titi, zuwa 1867 ta haɗa da kwatamin dawaki da shanu, wasu har da ƙaramin gurbi a ƙasa don karnuka. Jikan wannan tunani shi ne ɗan mazubin lantarki da ake tallatawa yanzu a intanet da shagunan dabbobi na manyan birane: kwanon ƙarfe mai ƙaramin inji da ke juya ruwa yana ɓulɓulowa, da matacin gawayi a ciki. Hujjar masu yin sa ita ce kyanwa ta samo asali daga kyanwar daji ta busassun ƙasashe, ba ta cika jin ƙishi ba, kuma wasu sun fi sha idan ruwa na gudu. Kyanwa mai kilo 4 tana buƙatar kusan mililita 200 a rana, har da wanda ke cikin abincinta.

Mai sha'awar sayen irin wannan a Kano ko Bichi ko Bagwai yana da abin dubawa kafin ya biya. Injin yana son wuta ba yankewa, kuma yakan ƙone idan ruwa ya yi ƙasa. Matacin sai an riƙa sauya shi bayan 'yan makonni, ga ƙurar hunturu da ke saurin toshe shi, don haka a fara tambayar inda za a sami na canji. A zaɓi wanda ake kwancewa gaba ɗaya a wanke, mai nauyin da kare ba zai kifar ba, kuma wanda ruwa ke zama a samansa ko an ɗauke wuta. A ajiye shi a inuwa, domin ƙarfe yana ɗaukar zafi, saɓanin kaskon ƙasa da ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa.

Ga mafi yawan gidajen karkara, inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuma dabbobin da ke jiran ruwa sun fi kyanwa ɗaya, kwanon silba mai faɗi da kauri ya wadatar, muddin ana wanke shi kullum ana sabunta ruwan safe da yamma, kuma na kare yana nan daban da na mutanen gida.