Daga Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru da Ta Koma ta Sa'o'i

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai wajen mil 2,100, watau kimanin kilomita 3,400, idan an auna miƙe ta sama. Jirgin zamani yakan cinye wannan rata cikin sa'a biyar ko ƙasa da haka. Amma mutanen dā ba da mil suke auna wannan hanya ba, da shekaru suke aunawa.

Mai niyyar hajji a wancan zamani yakan raba gādonsa, ya yi sallama da dangi sallamar wanda ba a sa ran komowarsa. Sa'an nan ya bi ayari ya ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, har ya kai Kogin Nilu, daga nan ya nufi Sawakin, ya haye Bahar Maliya a jirgin ruwa. In guzuri ya ƙare sai ya yada zango, ya yi noma ko ƙodago, ya tara abin da zai kai shi gaba. Ta haka Hausawa masu yawa suka zaune a Sudan. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'arsa zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Kalmar nan "takari", da ake kiran wanda ya je Makka ya zauna, daga sunan Takrur ta samo asali, sunan da Larabawa suke kiran ƙasashen baƙar fata na yamma da shi.

Abin lura shi ne, jiragen farko sun bi sawun alhazan nan ne, sai dai daga gabas suka fito. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka sauka Kano, bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar, suna yada zango a hanya, gama mansu ba ya kai su nesa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, daga 1940 aka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, ana bi da su ta Kano da Maiduguri da Alfashir da Hartum zuwa Masar. Filayen da yaƙi ya gyara su ne alhazai suka gāda bayan an yi sulhu. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya sauke farali a 1955, a zamanin da jirgin sama ya fara karɓe hanyar daga hannun mota da raƙumi.

Lalle jirgi ya ceci rayuka da yawa waɗanda ƙishirwa da ciwo da 'yan fashi suke ci a dā. Amma kuma ya yanke wata igiya. Alhajin ƙasa yakan koma gida da Larabcin Sudan a bakinsa, da karatun malaman da ya zauna wurinsu, wani lokaci har da mata da 'ya'ya. Alhajin sama kuwa yakan ƙetare Wadai da Darfur yana barci, bai san 'yan'uwansa na nan ƙarƙashinsa suna magana da harshensa ba.