Japanawa a Kakuri: Injinan Sun Zo, Alƙawarin Bai Biyo Su Ba

Wannan makon ni layi ya faɗo wa, sai ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

A watan Agustan 2025, lokacin taron Japan da ƙasashen Afirka a Yokohama, labari ya cika wayoyinmu cewa an ware wa 'yan Najeriya gari guda mai suna Kisarazu, har da biza ta musamman. A majalisarmu ta bakin titi a nan Katabu har an fara lissafin kuɗin fasfo. Ba a yi mako ba hukumomin Japan suka ce babu maganar biza, musayar al'adu ce kawai, a watan Satumba kuma hukumar JICA ta janye shirin gaba ɗaya. A cikin wannan hayaniyar kowa yana faɗin abu ɗaya ne: wai a can kamfani ba ya korar ma'aikaci sai tsufa ya raba su, kuma wai a jininsu abin yake. Wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa a masaƙa ya saurare mu har muka gaji, sannan ya ce, "Ai Japanawa sun yi masaƙa a nan Kaduna, ku ne dai ba ku taso kun gani ba." Maganar nan ce ta sa na shiga bincike.

Idan ka hau mota daga Katabu ka wuce Kawo, ka ratsa gari ka haye gadar kogin Kaduna, za ka isa Kakuri, inda masaƙun suke. Ta farko ita ce Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na ƙasar Ingila. Akoko take saƙawa da audugar da manoman Funtua da Zariya da Gusau ke nomawa. Sai Nortex ta biyo baya a farkon shekarun 1960, sai United Nigerian Textiles ta iyalan Cha na Hong Kong, sai kuma Arewa Textiles, wadda ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1960 da jarin gamayyar manyan kamfanonin kaɗin auduga guda 10 na Japan. Ba ƙaunar Arewa ce ta kawo su ba. Kafin nan Japan tana sayar wa Najeriya yadi mai yawa, abin da take saya a wurinmu kuwa bai taka kara ya karya ba. Da gwamnati ta ɗaga harajin shigo da yadi, dabarar da ta rage musu ita ce su tsallako shingen su kafa injinansu kusa da gonar auduga.

To su waye waɗannan kamfanonin a gidansu? Nan ne labarin ya bambanta da wanda muke ji a bakin masu laccar kasuwanci.

Masana'antar Japan ta zamani a kan zare ta tashi. Bayan sauyin mulki na 1868, gwamnati ta buɗe masana'antar siliki ta Tomioka a 1872, sannan Shibusawa Eiichi ya jagoranci kafa kamfanin kaɗi na Osaka a 1882. Waɗanda ke tsaye a gaban injinan akasari 'yan mata ne daga ƙauyuka. Dillalai ke zuwa su ba iyayensu kuɗin kafin alƙalami, a kwashe su zuwa ɗakunan kwana na cikin masana'anta, a riƙa yi musu karɓa-karɓa dare da rana, kowace wajen awa 12. Tarin fuka ya ci da yawa daga cikinsu. Masu gudu suna gudu, har kamfanoni kan saci ma'aikatan juna. An yi dokar masana'antu a 1911, amma sai 1916 ta fara aiki, aikin tsakar dare na mata kuwa sai 1929 aka hana shi. Duk wanda ya ce maka zama a kamfani ɗaya har tsufa daɗaɗɗiyar al'adar Japanawa ce, ka tambaye shi ina al'adar take a waɗannan shekarun.

Abin ya samo asali ne daga rigima. Bayan Japan ta sha kaye a yaƙin duniya na biyu, a ƙarƙashin mamayar Amurka aka yi dokar ƙungiyoyin ƙwadago a Disambar 1945, da dokar ƙa'idojin aiki a 1947. Cikin 'yan shekaru fiye da rabin ma'aikatan ƙasar suka shiga ƙungiya. Kamfanin Toyota, wanda motocinsa ke ɗibar mu zuwa Zariya kullum (shi ma daga injin saƙa ya fito, domin iyalan Toyoda masu ƙera injinan saƙa ne kafin su buɗe kamfanin mota a 1937), ya kusa durƙushewa a 1950. Ya nemi rage ma'aikata 1,600, aka shiga yajin aiki na kusan wata biyu. A ƙarshe an rage mutanen, amma shi ma shugaban kamfanin, Toyoda Kiichiro, ya ajiye muƙaminsa. Wannan wajen ya burge ni. A 1954 kuma 'yan matan masaƙar Omi Kenshi suka yi yajin aiki na kwana 106. Daga cikin buƙatunsu akwai a daina buɗe musu wasiƙu, a bar su su yi aure, a daina tilasta musu ibadar addinin Buda. Ku lura da shekarar: saura shekara uku kacal a kunna injinan Kakuri.

Daga irin waɗannan rigingimu, da wanda aka yi a mahaƙar kwal ta Miike a 1960, ɓangarorin biyu suka gaji suka yi ciniki. Kamfani ya ɗauki alƙawarin ba zai yi gaggawar kora ba, albashi zai riƙa hawa da yawan shekarun aiki, kuma za a riƙa zama da ƙungiyar ma'aikatan kamfanin kafin a yanke manyan shawarwari. Su kuma ma'aikata suka yarda a canza musu sashe ko gari duk lokacin da aka ga dama, su yi ƙarin awoyi, su kuma ba da basirarsu wajen gyara aiki. Cibiyar bunƙasa aiki ta Japan da aka kafa a 1955 ta rubuta wannan a cikin ƙa'idojinta uku: kare guraben aiki, tuntuɓar juna, da raba riba bisa adalci. Kotuna suka zo a shekarun 1970 suka ƙara ɗaure maganar, ta yadda korar cikakken ma'aikaci ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba ta zama abu mai wuya.

A nan ne kaizen ya samu wurin zama, wato gyara kaɗan-kaɗan a kullum, wanda aka koya mana a Kaduna Poly muka haddace don jarrabawa. An ba mu sunan Deming, Ba'amurken da ya yi musu lacca a 1950, da ƙananan da'irorin kula da inganci da Ishikawa Kaoru ya yaɗa daga 1962. Abin da littafin bai jaddada ba shi ne dalilin da zai sa lebura ya nuna wa manaja hanyar da mutum biyu za su yi aikin mutum uku. Ba zai faɗa ba sai ya tabbata ba shi ne na ukun da za a sallama ba. Shi ya sa nake murmushi idan na ga an manna takardar kaizen a bangon wurin da rabin ma'aikatansa 'yan kwantiragin wata uku ne.

Mu dawo Kakuri. Injina ana loda su a jirgin ruwa, injiniya ma yana biyo su, amma cinikin da aka yi a Japan tsakanin mutanen da suka gwabza da juna ne a ƙarƙashin dokokinsu da kotunansu. Ma'aikacin Arewa Textiles a ƙarƙashin dokar ƙwadago ta Najeriya yake, daidai da maƙwabcinsa na masaƙar Turawan Ingila ko ta 'yan Hong Kong. Abin da ya samu na kariya, ta hanyar ƙungiya ya same shi. A wannan masaƙar ce Adams Oshiomhole ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1960, aka zaɓe shi sakataren ƙungiyar ma'aikatanta. Wani abin sha'awa shi ne a lokacin kowace masaƙa da tata ƙungiyar, kusan irin tsarin Japan ɗin. Mu sai muka bi wata hanyar: a 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta haɗe ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi zuwa manya 42 a ƙarƙashin NLC, ma'aikatan saƙa da ɗinki suka samu ƙungiya ɗaya ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna. Oshiomhole ya zama babban sakatarenta a 1982, daga nan ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun rubuta littafi guda a kan ƙarfin wannan ƙungiya, ya fito a 1998, kuma ya nuna yadda ta iya zama da masu masaƙu a yi yarjejeniyar albashi ko a cikin matsin SAP.

Sai dai ƙungiya tana iya ciniki ne idan masaƙar tana numfashi. An soke hukumar auduga a 1986, naira ta faɗi, kayan gyaran injina suka yi tsada, wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake kunna tukwane da shi ya yi wuya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, atamfar Chana mai araha ta cika Kantin Kwari, wata ta ƙofa, wata ta ɓarauniyar hanya daga Nijar. Kaduna Textiles ta rufe a 2002. Arewa Textiles ta bi ta bayan 'yan shekaru, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007. Tsofaffin ma'aikatan Kaduna Textiles sun shafe shekaru suna zanga-zanga a kan haƙƙoƙinsu na sallama, da yawa sun rasu suna jira. A Japan ma masana'antar saƙa ta ja baya sosai, sai dai a can ta ja baya ne a lokacin da masana'antun mota da na lantarki ke neman hannaye. A Kakuri acaɓa ne ya karɓi mutane.

Kada kuma mu ɗauka alƙawarin nan ya rufe kowa a can. Tun asali na cikakkun ma'aikata maza ne a manyan kamfanoni. Mata ana sa ran su ajiye aiki da zarar sun yi aure, ƙananan kamfanonin da ke yi wa manya kwangila kuwa su ke shan duka idan kasuwa ta faɗi. Bayan tattalin arzikinsu ya tsaya a farkon shekarun 1990, kamfanoni suka rage ɗaukar sababbin cikakkun ma'aikata suka koma ga 'yan wucin gadi. A 1990 kusan mutum 1 cikin 5 ne ke irin wannan aikin, yanzu sun haura kashi ɗaya cikin uku. A ƙarshen 2008, da rikicin kuɗi na duniya ya sa aka sallami 'yan haya daga masana'antu, ɗaruruwa sun yi sabuwar shekara a tantuna a dandalin Hibiya da ke tsakiyar Tokyo, domin rasa aikin ya haɗa da rasa ɗakin kwanan kamfani. Waɗanda ke da cikakken aikin su ma suna biya da lafiyarsu. Harshensu yana da kalma ta musamman, karoshi, ga mutuwar da yawan aiki ke jawowa, kuma sai a 2019 dokar da ta ƙayyade ƙarin awoyi zuwa 45 a wata ta fara aiki, ita ma da rangwamenta.

Gaskiya ne Japan tana neman ma'aikata, domin kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun wuce. Amma ɗan uwana mai lissafin kuɗin fasfo ya san ƙofar da baƙo ke shiga. Shirin 'yan koyon sana'a da aka fara a 1993 ya ɗaure baƙo ga ubangida ɗaya, ba shi da ikon canza wurin aiki, kuma an soki shirin sosai har majalisarsu ta yi dokar maye gurbinsa a 2024. Akwai kuma bizar masu ƙwarewa ta musamman da aka buɗe a Afrilun 2019 don ayyuka irin su kula da tsofaffi, gini, noma da sarrafa abinci. Ita kuma sai ka ci jarrabawar sana'ar da ta harshen Japananci, kuma matakinta na farko shekara biyar ne kawai, ba a zuwa da iyali.