Laka, Murfin Rijiyar Gas

Mahaƙin rijiya a Sakajiki ko Zurmi tsoronsa biyu ne: ko dutse ya tare shi, ko gefe ya rufta masa. Masu haƙar gas suna da tsoro na uku, watau abin da suke nema ya taso musu da ƙarfin da ya fi nasu. Gama gas yana matse ne a ƙarƙashin duwatsu, da an huda masa ƙofa sai ya yunƙuro.

Maganin wannan kuwa laka ce. A ƙarshen shekarar 1900 waɗansu mahaƙa a Spindletop, cikin jihar Teksas ta Amurka, suka ga yashi yana ta cike musu rami. An ce shanu suka kora cikin wani kududdufi, suka tattake shi kamar yadda magina ke kwaɓa ƙasa, sa'an nan aka ɗura lakar cikin ramin, ta shafe gefensa. Yashi ya tsaya, amma lakar ba ta da nauyin danne abin da ke ƙasa. Ran 10 ga Janairu 1901 rijiyar ta yi aman laka da bututu da mai, kwana 9 ba a shawo kanta ba.

Bayan 1920 aka fara zuba wa laka garin wani dutse mai suna barait, wanda ya fi ruwa nauyi sau huɗu. Daga nan aikin ya koma lissafi. Rami mai zurfin ƙafa 10,000 in an cika shi da ruwa, yana danna gindinsa da laba wajen 4,300 bisa kowane inci murabba'i. To, in an ƙiyasta ƙarfin gas ya kai 5,200, tilas laka ta ɗara ruwa nauyi da kashi ɗaya cikin biyar, a ƙara ɗan kiyayewa. In ta gaza, gas ya ɓalle, wuta ta biyo. In kuma ta wuce kima, dutsen ya tsage ya shanye ta, rami ya zauna ba murfi. Wannan na biyu shi ya fi yaudara, don yana zuwa ne da sunan tsantseni.

Da wannan ilmi aka haƙa rijiyar Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda kamfanin Shell ya tarar da gas a 1999, NNPC kuma ta sake haƙawa a 2019. Barait ɗin ma akwai shi a Arewa, a Azara ta jihar Nasarawa.