Daga Garmar Shanu zuwa Tsohuwar Tarakta a Ƙasar Mubi

Duk wanda ya ratsa gonakin Digil, a gefen garin Mubi, sa'ad da ruwan farko ya sauka, zai tarar da zamani uku a fili guda, watau mai fartanya a sunkuye, da mai garmar shanu yana kora bijimai biyu, da kuma tarakta wadda galibi ta girmi direbanta. A kan ta ukun nan ne wasu masu 'yan kuɗi ke tambaya, shin sayen matacciya a raya ta a sayar sana'a ce mai riba? Amsar ba ta samuwa sai an waiwayi asalin al'amarin.

Ita ƙasar Mubi, a cikin Turawa, Jamusawa ne suka fara mulkinta, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma hannun Ingila bisa amana, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda ta shigo da ita Nijeriya a cikin Lardin Sardauna. A zamanin Ingilishi ne ma'aikatan gona suka yaɗa huɗar shanu a Arewa, suna ba manomi bashin bijimai da garma. Kuma ba abin mamaki ba ne da wannan hikima ta zauna daram a ƙasar da kasuwar shanunta ta shahara har Kamaru da Cadi, domin sa yana cin harawar gonar, ya ba ta taki, in ya tsufa a yi masa kiwo a kai shi kara a sayar, sau da yawa da kuɗin da ya fi na sayensa.

Tarakta kuwa da ƙafar hagu ta shigo. A 1949 Turawa suka buɗe babbar gonar inji a Mokwa, suka zuba dukiya mai yawa, amma kafin ƙarshen 1954 sun tattara nasu ya nasu, saboda injin yana buɗe fili fiye da abin da hannun mutum zai iya nomewa. Duk da haka, da arzikin man fetur ya zo, hukuma ta sake ɗaura ɗamara: aka yi shirin ciyar da ƙasa na 1976, aka bi shi da na Shugaba Shagari a 1980, ana harhaɗa taraktocin Steyr a Bauci da na Fiat a Kano, ma'aikatun gona suna bayar da haya da rangwame. Illa iyaka abin da ba shi da mai shi ba ya samun mai jinya. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan gyara suka yi tsada, taraktocin suka yi ta mutuwa a harabar ofisoshi, wata don taya kawai, wata don famfon mai, har aka riƙa gwanjonsu.

Daga wannan maƙabarta sana'ar ta tsiro. Bakanike ya sayi gawa biyu ko uku, ya ciri giya a nan, ya ciri injin a can, ya tashi guda mai rai. Kuma a nan aka gane falalar Massey Ferguson, wadda ƙirarta ba ta da sarƙaƙiya, kayanta kuma ba sa wuyar samu, shi ya sa tsohuwarta take da daraja har yau. Lalle da tsohuwar zuma ake magani, amma fa a hannun wanda ya san ta.

To, sai dai mai niyyar sayarwa ya lura da abu biyu. Na farko, lokacin huɗa 'yan makonni ne, daga Mayu zuwa Yuli, wanda bai sayar kafin nan ba jarinsa ya kwanta shekara guda, batir yana mutuwa, taya tana tsagewa. Na biyu shi ne hukuncin shari'a, domin malamanmu na Malikiyya sun tabbatar cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, in kuwa ya ɓoye, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Saboda haka ribar da ta dogara ga sabon fenti a kan ruɓaɓɓen inji algus ce, ba ta halatta. In an cire wannan riba, aka cire ladan bakanike da la'adar dillali, abin da ya saura kaɗan ne. Ƙananan injunan huɗa na Sin da ake turawa da hannu ma sun ƙara rage masu neman tsohuwar.

A ganina, wanda ba shi da sanin ƙarfe, ba shi kuma da amintaccen bakanike, ya sayi bijimai ya fi masa alheri. Wanda ya iya gyara kuwa, ya riƙe taraktarsa ya yi haya da ita, huɗa da damina, dakon masara da kaka, domin a nan kuɗinta yake fita.