Rumfar Katako Bayan Rasuwar Maigida: Mata da Gadon Sana'a a Kudancin Katsina

Sana'ar itace a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa hawa uku ce. Akwai itacen girki da gawayi da ake fitowa da su daga dajin Rugu da dajin Kogo da gonakin da ke gefensu. Akwai sassaƙa, wato turmi da taɓarya da ƙotar fartanya. Akwai kuma katakon rufi da na kafintoci, wanda akasarinsa manyan motoci ke ɗaukowa daga kudancin ƙasar nan su sauke a irin su Funtuwa, ƙananan 'yan kasuwa su sara su rarraba. Duka ukun ana lasafta su cikin aikin maza, kuma yawanci sana'ar gida ce: uba da 'ya'yansa da yaran shago. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, babban shingen da ke tsakanin mace da jagorancin irin wannan sana'a yana tasowa ne ranar rabon gado, kuma ana iya kawar da shi ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na shari'a ba.

Halin da yankin ya shiga shi ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya, amma kisan magidanta a gonaki da kan hanyoyi ya riga wannan, ya kuma ci gaba bayansa, yana barin zawarawa da marayu. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Sai kuma cire tallafin man fetur a 2023 da tsadar gas da kananzir suka mayar da gidaje da yawa kan gawayi. Buƙata ta ƙaru, masu riƙe da sana'ar kuwa suna raguwa.

Kasuwanci ba baƙon abu ba ne ga matan karkarar Katsina. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta wallafa littafinta a 1972, ta nuna cewa kaso mai tsoka na cinikin hatsi da abinci a cikin gidaje yake gudana, a hannun matan kulle, yara na kai da kawowa. Itace ma haka yake. Ƙullin gawayi a leda da kashin itace a bakin zaure galibi jarin mata ne, kuma ba abin mamaki ba ne maigida ya ranci kuɗin adashin matarsa don ya cika lodi, tunda a mazhabar Malikiyya dukiyar mace tata ce ita kaɗai. Macen da ta shekara ashirin tana jin wane kafinta ke biya da wane ke ja, ta san sana'ar fiye da ƙanin mijin da bai taɓa zama a rumfar ba.

Me ake gada idan mai rumfar katako ya rasu? Akwai abin da ido ke gani: tubaitu da falanki da ke jibge, injin yanka, da filin rumfar. Akwai kuma wanda ba ya ƙirguwa, wato amanar da ta sa dila ke ba shi kaya sai ya sayar ya biya, da basussukan da yake bin kafintoci da magina, waɗanda sau da yawa a kansa kawai suke rubuce. Al'adar da aka saba ita ce a yi wa kayan kuɗi, a sayar, matar ta ɗauki tumuninta idan akwai 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Rabon ya yi daidai, amma sana'ar ta mutu, domin injin da aka sayar da gaggawa ba ya yin daraja, kuma ba wanda kasonsa zai isa ya sake kafa rumfa. Kafin matar ta fita takaba, bayan wata huɗu da kwana goma, masu saye sun koma maƙwabta, masu bashi sun yi lamo. Hill ta lura da irin wannan a noma, inda gandu ba safai yake ɗorewa tsakanin 'yan'uwa bayan rasuwar uba ba. Shari'a dai ta ƙayyade kason kowa, ba ta wajabta a wargaza dukiyar ba. Idan magada sun yarda, suna iya barin rumfar a dunƙule, kowa da sanannen kasonsa a rubuce, a riƙa raba riba a kansa, wanda ya fi sanin aikin ya riƙe ragama da ladansa. Sau da yawa wannan mutumin uwar marayun ce ko babbar 'yarsu.

Za a ce aikin na ƙarfi ne, ga daji ba ya shiguwa. Gaskiya ne ga mai gatari, amma mai rumfa ba ya sara, ba ya dako. Aikinsa waya ne da lissafi da sanin wanda za a ba bashi. Za a kuma kawo batun kulle da takaba. Malaman Malikiyya sun halatta wa mai takaba fita da rana don buƙatarta, sun kuma yarda uba ya naɗa mace wasiyyiya a kan dukiyar 'ya'yansa. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta ruwaito cewa Nana A'isha takan ba da dukiyar marayun da ke hannunta ga masu juya ta. Tsoron da ya fi waɗannan nauyi shi ne na dangin miji, cewa za ta sake aure, wani ƙato ya zo ya ci guminsu. Maganinsa takarda ce a gaban alƙali da shaidu, wadda za ta ɗaure duk wanda ya riƙe rumfar, mace ko namiji. Abin lura, ba a cika neman irin wannan takarda ba idan baffan yara ne ya karɓe dukiyar.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta masu kishin daji: wannan sana'a ce ke cinye maɗaci da ƙirya da marke, har gwamnatin tarayya ta sa Kogo cikin sababbin gandayen daji goma na ƙasa da ta amince da su a 2020, to don me za a ƙarfafa ta? Ba za a ce mata sun fi maza tausayin bishiya a ɗabi'a ba. Sai dai lissafinsu ya bambanta, domin su ne masu cin amfanin bishiyar da ke tsaye: kalwar ɗorawa ta daddawa, man kaɗanya, tsamiya, kuka. Gidan da mace ke da murya a harkar itacensa zai yi wuya ya sare ɗorawa mai 'ya'ya don buhunan gawayi na kasuwa ɗaya. A Maraɗi, tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa rainon tohon kututture a gonakinsu, har aka kiyasta tsarin ya mamaye hekta kusan miliyan 5 a Nijar, kuma rassan da ake sassabewa sun zama itacen girki da na sayarwa kusa da gida. Kudancin Katsina ya fi Maraɗi ruwan sama nesa ba kusa ba, kuma itacen da aka raina a gona ba ya buƙatar kowa ya shiga Rugu ko Kogo.