Nazari Kan Tare Zafi a Sashen Injin Jirgin Sama Ƙirar Gida

Da jirgin sama ƙirar gida muna nufin ƙaramin jirgin da mutum ya haɗa da hannunsa domin koyo ko nishaɗi, sana'ar da ta yi ƙarfi a Amurka tun bayan kafa ƙungiyar masu haɗa irin waɗannan jirage, wato EAA, a 1953. Sashen inji galibi shi ne gaban jirgin, inda inji yake zaune cikin murfinsa. Bangon wuta kuwa farantin ƙarfe ne da ya raba wannan sashe da mazaunin matuƙi. Tare zafi, a wannan nazari, shi ne duk wata dabarar hana zafin inji isa inda zai yi ɓarna.

Zafi yana tafiya ta hanyoyi uku: ta jikin abu zuwa abin da yake taɓa shi, ta iskar da ke kwasarsa, da kuma ta huci, kamar yadda garwashi ke gasa fuskar wanda bai taɓa shi ba. Iskar da ke fita ta salansa takan haura digiri 700 a ma'aunin Salsiyos, don haka hucin bututun ya isa ya laushe murfin da aka yi da zaren gilashi, ko ya tafasa fetur a cikin tiyo har mai ya yanke wa inji. Maganin huci shi ne siririn faranti mai ƙyalli, tare da tazarar iska tsakaninsa da bututun. Tiyon mai kuma a sa masa rigar zaren gilashi mai rufin robar silikon. Naɗe salansa da ƙyallen tare zafi yana da illa, domin yana ƙara wa ƙarfen zafi, yana kuma ɓoye tsagewa daga idon mai dubawa.

Wajibi ne mu raba aikin gida biyu: tare zafin yau da kullum, da tsayar da gobara. Ma'aunin da hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta daɗe tana amfani da shi shi ne bangon wuta ya jure harshen wuta mai digiri kusan 1,100 na minti 15. Ƙarfe marar tsatsa mai kaurin milimita 0.38 yana cika wannan sharaɗi. Alminiyum kuwa yana narkewa a digiri 660, shi ya sa ko ƙaramin mahaɗin alminiyum da ya ratsa bangon zai iya zama ƙofar wuta.

A nan ne muhimmancin wuri yake bayyana. Ƙarfe yana tsayar da harshen wuta, amma shi kansa yakan yi jajir. Idan maƙeri ya manna soso da gam a bayansa, ta ɓangaren matuƙi, domin rage zafi da ƙara, to ranar gobara su ne za su fara kamawa, su cika mazaunin da hayaƙi mai guba. Abin da ya fi aminci shi ne a shimfiɗa bargon zaren tangaram, wato zaren da aka sarrafa daga ma'adanai masu jure wuta, ta ɓangaren inji, a lulluɓe shi da siririn ƙarfe marar tsatsa don kada ya sha mai, a riƙe shi da ƙusoshin ƙarfe maimakon gam.

Saboda haka, kafin a amince da kowane irin kaya, tambayoyi biyu ne a gaban maƙeri: me zai yi a zafin kullum, kuma me zai zama idan bangon ya yi ja? Kayan da ya amsa ta farko kaɗai bai cancanci zama kusa da ƙafafun matuƙi ba.