Sai Ta Cika: Tarihin Jira a Hanyar Kalgo

Duk wanda ya taso a Kalgo ko Gwandu ya san wannan amsa. Mukan isa tasha da sassafe, mu tambayi ɗan kamasho, "Malam, yaushe za ta tashi?" Sai ya dubi kujerun da suka rage, ya ce, "Saura mutum biyu, Baba, shiga ka zauna, yanzu-yanzun nan." Mun san abin da yanzu-yanzun take nufi, shi ma ya sani. Mota ba ta tashi sai ta cika. A kan wannan ƙa'ida muka yi karatu, a kanta muka kai marasa lafiyarmu asibiti, kuma saboda ita wasunmu suka isa ɗakin jarrabawa bayan an raba takarda. Ta zauna mana daram, har muna ganin kamar haka tafiya take tun fil'azal.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, zancen manyan motocin bas ya dawo bakin jama'a. Ana ta ambaton irin waɗanda ake ware wa nasu titi a Legas, masu suna BRT, ana tambaya yaushe irinsu za su zo mana. Kafin mu miƙa hannu, yana da kyau mu waiwaya mu ga yadda kakanninmu suka bi waɗannan hanyoyi, da yadda aka yi jira ya zama rabin tafiyarmu.

A ƙarni na 19 wannan yanki mararraba ce ta gaske. Bayan mayaƙan jihadi sun ci Birnin Kabi a 1805, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Gwandu na wani lokaci kafin ya koma Sifawa. Da aka raba jan ragamar daula, yammaci ya faɗo hannun ƙanensa Malam Abdullahi, Gwandu ta zama fadar da ƙasar Nufe da Ilori da Liptako ke kallo. Manzanni da wasiƙu da gaisuwar sarakuna duk nan suke nufowa. Kudu da mu kaɗan kuma ga kasuwar Jega, wadda ta yi suna a faɗin ƙasar Hausa, tana kan ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro masu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau.

Abin da ya kamata mu lura da shi a wannan fatauci shi ne tsarinsa. Ayari ɗaya yakan kai mutum dubu ko fiye, ga jakuna da takarkarai da alfadarai, ga 'yan alaro ɗauke da kaya a ka. Zuwa da dawowa yakan ci watanni, wani lokaci har shekara ta kusa zagayowa. Irin wannan taro ba ya tafiya da ka. Akwai madugu uban tafiya, wanda alhakin kowa ke wuyansa. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da wurin sauka, da uban dawaki, da malamin ayari mai rubutu da addu'a. Manyan fataken nan, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari na Gummi, sun san zangon da za a kwana tun kafin a ɗaura kaya. Ana sanar da ranar tashi tun da wuri domin mai niyya ya shirya, ana sammako a ci hanya kafin rana ta take. Kuma dole madugu ya san yawan dabbobi da kayan da ke bayansa, domin da wannan lissafi yake ciniki da sarakunan hanya kan kuɗin fito da na wucewa. Wato ayari yana da ranar tashi, da wuraren tsayawa sanannu, da ƙidaya, da mutum ɗaya da za a tuhuma in abu ya ɓaci.

Tafiyar dai ba ta da sauri, kuma ba ta rasa haɗari. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, har ya sami kwafin littafin Tarikh al-Sudan a garin, ya shafe fiye da mako biyu daga Gwandu kafin ya isa Sayi a bakin Kwara, yana ratsa fadamun Gulbin Kabi da damina ta fara jiƙawa, ga yaƙi da Kabawa bai lafa ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Amma wanda ya bi ayari ya san ranar da zai bar gida.

Zuwan Turawa a 1903 ya juya akalar hanyoyi. Fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kabi a farkon mulkinsu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya fara zuwa ta teku da dogo, hanyar Gwanja ta fara mutuwa, Jega ta rage armashi. Reshen dogon da ya nufo yamma daga Zariya ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba, balle mu. Har yau ba a taɓa jin kukan jirgin ƙasa a ƙasar Gwandu ba. Manyan titunan mota kuma suka bi ta Argungu, suka bi ta Tambuwal da Jega, aka bar garin Gwandu a tsakiya, sai wanda ya nufe shi musamman.

A nan ne muke ganin tushen "sai ta cika". Motar da ta fara shigo mana ta kaya ce. An kawo ta ne don ta kwashi gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin dogo, mutum kuwa ƙari ne, ya hau kan buhuna in an gama lodi. Buhu ba ya ƙorafin jira, ba shi da alƙawari da kowa. Da motocin fasinja suka zo daga baya, sai suka gaji ɗabi'ar motar kaya: a tara, a cika, sannan a tashi.

Shekarun arzikin man fetur sun kawo sauƙi. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo da hayis suka cika tashoshi, aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa a 1978, aka tsara bin layi wajen lodi. Bai kamata mu ɗora wa direba laifin jiranmu ba. Shi zai sayi mai, shi zai biya kuɗin tasha, shi zai kai wa mai mota balas da yamma. In ya tashi da kujera uku babu kowa, daga tukunyar gidansa aka cire. Babu wanda ya ɗauke masa asarar tashi a kan lokaci, don haka ya mayar da ita kanmu, muka biya da sa'o'inmu.

Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota da kayan gyara suka gagari mai ƙaramin ƙarfi. A wannan giɓi babur ya shigo, wanda mu nan muke kira kabu-kabu, Kanawa su ce acaɓa. Babur ya karɓu ne saboda dalili ɗaya: da mutum ɗaya yake cika. Gwamnatin Janar Babangida ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a a 1988, jihohi suka sami motoci, sunaye irin su Kano Line da Borno Express suka shahara. Sai dai yawancin ƙarfin ya tafi ga doguwar tafiya tsakanin manyan birane. Ɗan gajeren zangon da ma'aikaci da ɗalibi ke yi kullum an bar shi ga babur da tsofaffin ƙananan motoci.

Ana cikin haka Kalgo ta sake kama. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kabi daga Sakkwato, Birnin Kabi ta zama babban birni. A 1996 Kalgo ta sami ƙaramar hukumarta. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, ta fara aiki a Kalgo, mazauninta na dindindin kuma yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ga kuma babban asibitin jiha da aka gina a garin. Garin da muka sani na manoma da 'yan kasuwa, inda hanyar Jega ta rabu da ta Bunza da Kamba, ya wayi gari kamar unguwa ce ta babban birni. Malami yana kwana Birnin Kabi yana koyarwa a Kalgo, ma'aikacin sakatariya yana kwana Kalgo yana sammakon ofis, mai jinya tana kai abinci asibiti safe da yamma. Tafiyar ba ta kai rabin sa'a a mota ba, amma an maimaita ta sau biyu a yini, kwana biyar ko shida a mako. Kakanninmu ba su san irin wannan tafiya ba, kuma har yanzu da tsarin motar gyaɗa muke yin ta.

Duk sanda mai ya yi tsada sai a tuna da bas. A Janairun 2012 lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga, aka dawo da ita 97, gwamnatin tarayya ta raba motoci. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da ƙarshen tallafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta kai dubu. Aka sake komawa ga sayen motoci. Mun ga wannan zagaye sau uku a rayuwarmu: a sayo, a yi bikin ƙaddamarwa, su yi shekara biyu ko uku suna aiki, sannan mu gan su jere a wani fili, tayoyi sun sace, awaki na kwana a inuwarsu.

Waɗanda suka ƙirƙiro BRT ba daga mota suka fara ba. A birnin Kuritiba na ƙasar Brazil, magajin gari Jaime Lerner, wanda masanin zanen gine-gine ne, ya ware wa bas tsakiyar manyan tituna a 1974, aka kuma tsara birnin ya girma a gefen waɗannan tituna. Bogota ta Kolombiya ta buɗe nata a Disambar 2000. Legas ta fara a Maris 2008 da layi mai tsawon kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS, aka miƙa shi zuwa Ikorodu a 2015. Dakar ta Senegal ta shigo a 2024 da motoci masu aiki da lantarki. A ko'ina sirrin ɗaya ne. Motar tana da hanyarta da cunkoso ba ya tare ta, tana tsayawa a wurare sanannu, tana tashi bisa jadawali ko ta cika ko ba ta cika ba, kuma akwai hukumar da ke ƙirga masu hawa, ta ƙara mota inda aka yi yawa, ta rage inda aka yi ƙaranci.

In muka kwatanta adadi, dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. A shekarunsa na farko layin Legas yana ɗaukar kusan mutum 200,000 a yini, na Bogota kuwa ya kai miliyan biyu. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kalgo mutum wajen 85,000, Gwandu wajen 150,000, Birnin Kabi ƙasa da 270,000. Ko da mun ninka tun daga lokacin, fasinjan yini ɗaya na layin Legas ya kai yawan mutanen ƙaramar hukumarmu gaba ɗaya, har da jarirai. Gina shingen kankare a tsakiyar titin Kalgo a yau ɗinka wa yaro rigar babansa ne. Cunkoso bai zama ciwonmu ba tukuna. Ciwonmu jira ne da tsada, sai kuma haɗarin babur a kan babban titi da manyan motoci ke bi, musamman ga mace mai ciki ko tsoho mai zuwa ganin likita.

Saboda haka abin ɗauka daga Legas da Kuritiba shi ne abin da madugu ya riga ya sani. Na farko ƙidaya. Ɗaliban jami'ar da ke garinmu za su iya tsayawa a mararrabar Kalgo mako biyu, lokacin karatu da lokacin hutu, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, su rubuta mutum nawa ke wucewa, ƙarfe nawa, ina suka nufa. Duk wani sauyin hanya ko ƙarin mota da ba a gina kan irin wannan lissafi ba, sayen kifi ne a ruwa. Na biyu lokaci. Ko mota huɗu ce, in an san ɗaya na tashi kowane rabin sa'a daga asuba zuwa isha'i, ta fi ashirin da ba a san lokacinsu ba. Wannan yana nufin wani ya ɗauki nauyin kujerun da ba su cika ba, kuma nan ne kuɗin gwamnati ya fi amfani, fiye da wajen bikin yanka ƙyalle. Na uku fili. Gine-gine suna ta cin gefen titi tsakanin Birnin Kabi da Kalgo, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ba a keɓe wurin tsayawa da faɗin hanya yanzu ba, jikokinmu za su biya diyyar rushe abin da muka bari aka gina.

Akwai kuma mutanen da abincinsu ke kan wannan titi. Da Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, dubban matasa sun koma tuƙa A Daidaita Sahu, wasu kuma suka bar garin da baburansu. Legas kuwa, da za ta fara BRT, ƙungiyar haɗin gwiwa ta direbobin tasha ta ba tuƙin motocin farko. Ɗan kabu-kabu ƙanenmu ne, direba maƙwabcinmu ne. Bas mai jadawali a kan babban titi ba ta shiga lungu, ba ta zuwa ƙauyen da ke bayan fadama, don haka aikinsu na nan, in dai an zauna da su tun farko.

Gobe da safe wasunmu za su koma tasha, ɗan kamasho zai ce saura mutum biyu, za mu shiga mu zauna, mu sayi ƙosai ta taga. Ba mu ƙi ba, mun saba. Amma mu jikokin mutanen da suka kai jaki dubu Gwanja suka dawo ne, da ranar tashi da lissafin kowane kaya. Bai yi mana yawa ba mu nemi sanin ƙarfe nawa motar Birnin Kabi za ta tashi.